Daga Lamba Zuwa Kalma: Yadda Ake Fassara Lambobi Yayin Juya Bayanan XML

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu ya fara haɗa kundin digirinsa, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da bayanan da aka rubuta da lambobi zalla. Ka raba takardun tambayoyi ga Hausawan Sabo ta Ibadan ko na Agege, ka tattaro su, ka kai wa mai kwamfuta. Abin da zai dawo maka da shi jerin lambobi ne: 1 a gurbin namiji, 2 a gurbin mace, 3 a gurbin wanda ya yi sakandare, da sauransu. Kwamfuta ta fi jin daɗin aiki da su a haka. Amma malamin da zai duba kundin, da duk wanda zai karanta shi bayan shekara goma, kalmomi suke son gani. Dole ke nan a wani mataki a mayar da kowace lamba zuwa kalmar da take wakilta.

A wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda ake yin wannan aiki idan bayanan suna cikin tsarin da ake kira XML, wanda ɗakunan karatu da masu haɗa ƙamus da masu adana tsofaffin rubuce-rubuce suke yawan amfani da shi. Aikin yana da sauƙi a ido. Sai dai kuskure a cikinsa ba ya yin ƙara. Kwamfuta za ta buga maka shafi tsaf, babu jan layi ko ɗaya, alhali ta mayar da mutumin Kumasi ɗan wata ƙasa ta Turai.

Me ya sa ake amfani da lamba tun farko?

Al'adar ta girmi kwamfutar da muka sani. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi amfani da na'urar Herman Hollerith, wadda take karanta katuttukan da aka huhhuda. Kowane huji yana wakiltar amsa guda. A 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai gurabe 80, kuma a kan irin wannan kati aka riƙa ajiye bayanai har wajen shekarun 1970. Wanda yake da gurbi 80 kacal don ya rubuta komai game da mutum ɗaya ba zai ɓata shida a kan kalmar "namiji" ba.

Yau matsalar wuri ta kau, amma lamba ba ta kau ba, domin tana da wani amfani. Lamba ba ta da karin harshe. Wani zai rubuta Nijeriya, wani Najeriya, wani ya rubuta da Turanci. Wani zai rubuta Sakkwato, wani Sokoto. A wurin kwamfuta waɗannan duk abubuwa ne daban-daban, kuma idan ka ce ta ƙirga maka littattafan da aka buga a Nijeriya za ta bar maka na Najeriya a baya. Amma 566 ɗaya ce a ko'ina. Ita ce lambar Nijeriya a ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 3166, inda Nijar take da 562, Gana 288, Kamaru 120, Chadi 148. Haka kuma akwai ƙa'idar ISO 5218 ta jinsin mutane: 0 ba a sani ba, 1 namiji, 2 mace, 9 kuma abin da batun jinsi bai shafe shi ba. Waɗanda suka tsara ta har sun rubuta cewa sa namiji a 1 da mace a 2 ba ya nufin fifiko, wataƙila don gudun rigima.

Mene ne XML?

XML hanya ce ta rubuta bayanai tare da yi wa kowane yanki alamar da za ta faɗi ko mene ne shi. Ƙungiyar W3C, mai kula da ƙa'idojin intanet, ita ta tabbatar da shi a watan Fabrairu na 1998, kuma an tsamo shi ne daga wani babban tsari mai suna SGML na 1986. Abin sha'awa a nan shi ne mutum yana da 'yancin ƙirƙiro sunayen alamominsa da kansa, da kowane harshe, har da haruffanmu masu lanƙwasa. A ɗauka sashenmu yana son ya yi jerin littattafan Hausa da ke ɗakin karatunsa. Bayanin littafi ɗaya zai iya zama kamar haka:

<littafi>
<suna>So Aljannar Duniya</suna>
<mawallafi jinsi="2">Hafsatu Abdulwaheed</mawallafi>
<shekara>1980</shekara>
<rukuni>1</rukuni>
<ƙasa>566</ƙasa>
</littafi>

Mai karatu zai lura akwai lambobi huɗu a nan, amma ba iri ɗaya ba ne. 1980 lamba ce ta gaske, ana iya ɗebe ta daga 2000 a sami ma'ana. Sauran ukun kuwa sunaye ne da suka sanya rigar lamba. Babu ma'ana a tara 566 da 562 a raba biyu. Su ukun nan ne muke son fassarawa: 2 ta koma mace, 1 ta koma ƙagaggen labari, 566 ta koma Nijeriya.

Harshen da aka fi sani da wannan aiki shi ne XSLT. W3C ta fitar da na farko a watan Nuwamba na 1999 ƙarƙashin editancin James Clark, na biyu a 2007, na uku a 2017, waɗannan biyun kuma Michael Kay ne editansu. Yadda abin yake shi ne, ana rubuta wata takardar umarni da ke cewa "in ka ga alama kaza, rubuta kaza". Sai a miƙa takardar da fayil ɗin bayanan ga wata manhaja, kamar Saxon ko xsltproc, ita kuma ta fitar da sabon fayil, ko shafin intanet ne, ko rubutu zalla, ko wani XML ɗin mai sabon tsari. Fayil na asali yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Wannan shi nake kira juyi.

Hanyar da kowa yake fara bi

Hanya mafi kusa ita ce a jera sharuɗɗa a cikin takardar umarnin da alamar xsl:choose. A ce in rukuni 1 ne rubuta "ƙagaggen labari", in 2 ne rubuta "wasan kwaikwayo", in 3 ne rubuta "waƙa". Ga abu uku ko huɗu da ba sa canzawa, ban ga laifinta ba. Ga jinsi ma ta wadatar.

Amma a gwada ta da ƙananan hukumomin Nijeriya 774. Takardar umarnin za ta koma littafi. Ranar da aka gyara rubutun sunan ƙaramar hukuma ɗaya, sai an nemo wanda ya iya XSLT ya buɗe ta. In kuma akwai takardun umarni biyar, ɗaya ta shafin intanet, ɗaya ta bugawa, ɗaya ta rahoton shekara, sai an gyara a wuri biyar, kuma tabbas za a manta da ɗaya. Daga nan sai ka ga shafin intanet yana faɗin wani abu, bugaggen kundi yana faɗin wani.

Jadawali a gefe

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a ware lambobi da ma'anoninsu a fayil na daban, shi ma da XML:

<jadawali>
<layi lamba="566">Nijeriya</layi>
<layi lamba="562">Nijar</layi>
<layi lamba="288">Gana</layi>
</jadawali>

Wannan fayil ko sakataren sashe zai iya gyara shi. Takardar umarni kuma ba ta san sunan ƙasa ko ɗaya ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta ɗauki lambar da ta gani, ta je jadawali, ta nemo layin da yake da irin wannan lamba, ta kwafo abin da ke ciki. Ana buɗe jadawalin da umarnin document(), sannan a gina masa fihirisa da layi ɗaya:

<xsl:key name="nemo" match="layi" use="@lamba"/>

Amfanin fihirisar shi ne sauri. In babu ita, manhajar za ta iya bin jadawalin daga sama zuwa ƙasa ga kowane littafi. Littafi 10,000 da jadawali mai layi 774 na iya kai wa kwatance miliyan bakwai da ɗoriya. Da fihirisa kuwa sau ɗaya ake karanta jadawalin, daga nan kowace lamba kai tsaye take zuwa gidanta, kamar yadda mai neman kalma a ƙamus ba ya farawa daga shafin farko.

A nan akwai wani tarko da ya daɗe yana wahalar da masu koyo. A XSLT na 1999, umarnin key() yana nema ne kawai a cikin fayil ɗin da manhajar take tsaye a kai a lokacin. To a lokacin da take karanta bayanin littafi, a cikin fayil ɗin littattafai take, ba a cikin jadawali ba. Saboda haka za ta nemi layi mai lamba 566 a cikin littattafai, ta rasa, ta yi shiru. Mafita ita ce a fara ajiye lambar a gefe da xsl:variable, a tsallaka cikin jadawalin da xsl:for-each, a yi neman a can. Dabara ce mai kama da zagaye, amma haka tsarin yake. A na 2007 an sauƙaƙa abin, aka ba mutum damar ya faɗi fayil ɗin da za a bincika a gurbi na uku:

<xsl:value-of select="key('nemo', ƙasa, $jadawali)"/>

Na 2017 kuma ya zo da abin da ake kira map, wato jadawalin da ake ginawa kai tsaye a cikin harshen. Yana da kyau mutum ya san wace manhaja ce a hannunsa kafin ya fara, domin xsltproc na 1999 kaɗai take ganewa, Saxon kuwa tana gane na 2017. Manhajojin shiga intanet ma ba su taɓa wuce na 1999 ba, kuma a 2025 kamfanin Google ya sanar da niyyarsa ta cire XSLT daga Chrome. Don haka shawarata ita ce a yi juyin a kwamfutar sashe, a ɗora sakamakon a intanet.

Wane jadawali?

Lamba ba ta ɗauke da ma'anarta a jikinta. Ma'anar tana cikin jadawalin, kuma duniya cike take da jadawaloli. Kowa ya san 234 ita ce lambar wayar Nijeriya, 233 ta Gana. Amma a ISO 3166, 234 ta tsibiran Faro ce da ke arewacin tekun Atlantika, 233 kuma ta ƙasar Istoniya ce. A ce wanda ya shigar da bayanai ya yi amfani da lambobin waya saboda su ya haddace, wanda ya zo juyi kuma ya ɗauko jadawalin ISO. Duk lambobin biyu za su sami gida, babu gurbin da zai fito fanko, kuma marubutan Zangon Kumasi za su wayi gari 'yan Istoniya. Haka lamba 9 a gurbin wata. Satumba ce ko watan Azumi? Ga wanda yake aiki da wasiƙun sarakuna ko rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, wannan tambaya ce ta yau da kullum.

Mu ɗaliban adabi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, domin mun san ramzi. Marubuta waƙoƙin ajami sukan ɓoye shekarar da suka kammala waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, inda kowane harafi yake da ƙimarsa ta lamba. Aikin mai nazari shi ne ya mayar da haruffa zuwa lamba, wato kishiyar abin da muke magana a kai, amma matsalar ɗaya ce. Lissafin abjadi iri biyu ne, na Magariba da na Gabas. Malaman ƙasar Hausa na Magariba suka bi, inda shin take 1000. A na Gabas shin 300 ce, gaini ce take 1000. Harafin ra 200 ne a duka biyun. Saboda haka shin da ra a lissafinmu 1200 ne, wato ƙarnin Hijira da aka yi jihadin 1804 a cikinsa. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas zai sami 500, ya mayar da waƙar baya da shekara 700, kuma lissafinsa bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne a rubuta sunan jadawalin a cikin bayanan kansu, misali <ƙasa tsari="ISO3166">, kada a bar shi a ƙwaƙwalwar wanda ya shigar da su, domin shi zai gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Idan kuma aka haɗa jadawaloli da yawa a fayil ɗaya, to fihirisar ta haɗa sunan jadawali da lamba, ta yadda "jinsi-1" da "rukuni-1" ba za su taɓa karo ba.

Jadawali kuma yana tsufa. Kafin 2011 lambar Sudan 736 ce. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle, sai aka ba ta 728, aka ba ragowar Sudan 729, aka yi wa 736 ritaya. A gida kuwa jihohinmu 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara ma daga Sakkwato a 1996. Gongola da Bendel babu su yau. Mutane da yawa sukan ba jihohi lamba ta bin jerin haruffa, don haka kowace sabuwar jiha tana tura na bayanta gaba. Wanda ya fassara bayanan 1985 da jadawalin jihohi 36 zai sami sunaye masu kyau, amma na wasu jihohin daban. Ko da lambar ta faɗa daidai ma, "Kano" ta 1985 ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse. A ganina kowane layi na irin wannan jadawali ya kamata ya ɗauki shekarar da ya fara aiki da wadda ya daina, a kuma riƙa duba shekarar bayanin kafin a zaɓi layi.

Sifili da shiru

Wasu lambobin ISO da sifili suke farawa. Ta Aljeriya 012 ce. Idan bayanan suka bi ta Excel kafin su zama XML, mai yiwuwa sifilin ya faɗi a hanya, domin Excel tana ɗaukar abin a matsayin lambar lissafi. Fihirisar XSLT ta 1999 kuwa harafi da harafi take kwatantawa, kuma a wurinta 12 da 012 ba su san juna ba. Haka idan akwai ɗan fili a gaban lambar ko bayanta. Maganin fili shi ne normalize-space(), na sifili kuma format-number() da zai cike gurabe uku kafin a je nema.

Babbar matsalar ita ce abin da yake faruwa in ba a sami lambar ba. XSLT ba ya tsayawa, ba ya gargaɗi. Abin da ya samu yake rubutawa, wato babu. A cikin littattafai 3,000, gurabe arba'in da suka fito fanko ba za su ja idon kowa ba, in ma an gani sai a zaci dama ba a san ƙasar ba. Don haka nake ganin wajibi ne takardar umarni ta tanadi abin da za ta yi da baƙuwar lamba: ta buga ta ƙarara, kamar "lambar da ba a gane ba: 736", ta kuma aika saƙo da xsl:message. Shafin zai yi muni, kuma munin ne zai sa a gyara.

A kuma kula da lambobin da suke nufin rashin amsa. A manyan bincike irin na lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2003 da 2008 da 2013 da 2018, akan yi amfani da 98 a wasu gurabe da ma'anar "ban sani ba". Wanda bai duba littafin lambobin ba zai iya ɗaukar 98 a matsayin adadi na gaske ya shigar da ita cikin lissafi. "Ban sani ba" daban, "ya ƙi amsawa" daban, "ba a tambaye shi ba" daban, kuma ga mai nazarin halayyar jama'a game da harshe, ƙin amsawa ma amsa ce. Kada a murƙushe su duka su koma fanko.

Inda nahawun Hausa ya shigo

Littattafan koyar da wannan fanni da Turanci aka rubuta yawancinsu, kuma suna ɗauka cewa lamba ɗaya kalma ɗaya ce, a cire wannan a dasa waccan. A cikin tebur haka ne. Amma da zarar muka so kwamfuta ta haɗa jimla, sai Hausa ta nemi haƙƙinta. A duba waɗannan:

Abubakar Imam ne ya rubuta Ruwan Bagaja.
Hafsatu Abdulwaheed ce ta rubuta So Aljannar Duniya.
John Tafida da Rupert East ne suka rubuta Jiki Magayi.

Lambar jinsi a nan ba ta fito a matsayin "namiji" ko "mace" ba sam. Ta ɓuya a cikin ne da ce, da ya da ta. A jimla ta uku kuma sai an ƙirga mawallafa kafin a san cewa "suka" ake bukata. Ke nan layin jadawalin jinsi yana bukatar gurabe da yawa: kalmar tebur, da madanganci, da wakilin suna, da siffar aiki irin marubuci da marubuciya.

Lamba 9 ta ISO 5218 ta fi ban sha'awa. Idan hukuma ce ko kamfani ya wallafa littafi, batun namiji da mace bai taso ba, sai a ba shi 9. Amma a Hausa kowane suna tilo yana da jinsi a nahawu. Hukuma ce ta wallafa, kamfani ne ya wallafa, jami'a ce, sashe ne. Lambar da aka tsara don jinsin halitta ba za ta warware wannan ba, sai an ƙara wani gurbi na jinsin nahawu. Haka sunayen asali. Daga lambar gari da lambar jinsi muna son Bakano ko Bakanuwa ko Kanawa, Bakatsine ko Bakatsiniya ko Katsinawa, Basakkwace ko Sakkwatawa, Bazazzagi ko Zagezagi. Duk wanda ya yi darasin ƙirar kalma ya san akwai ƙa'ida a nan, amma togaciyarta tana da yawa. Ya fi aminci a rubuta kowace siga da hannu a jadawali da a ce kwamfuta ta riƙa liƙa ba- a gaban sunan gari. Wannan aikin masanin Hausa ne, kuma injiniyan kwamfuta ba zai iya yi mana shi ba.

Ware jadawali yana da wata riba ga irinmu da muke karatu kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban Yarabanci da na Ibo. XML yana da wata siffa mai suna xml:lang da ke faɗin harshen rubutu: ha Hausa, yo Yarabanci, ig Ibo, en Turanci. Layi ɗaya na jadawali zai iya ɗaukar suna huɗu, kowane da alamar harshensa, sai a gaya wa takardar umarni harshen da ake so a wannan karon. Jerin littattafai ɗaya zai fito da harsuna huɗu ba tare da an sake shigar da littafi ko ɗaya ba. Ana ma iya bambanta ha-NG da ha-NE, tunda a Nijar ana rubuta ƴaƴa inda mu muke rubuta 'ya'ya, ko a sa ha-Arab ga ajami.

Haruffa ma lambobi ne

A can ƙasa, kowane harafi lamba ne a wurin kwamfuta. A tsarin Unicode ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ 599. Shi ya sa wani lokaci mutum zai buɗe fayil ya ga &#409;asa a maimakon ƙasa. Wannan ba ya bukatar jadawali, manhajar da ke karanta XML ita take fassara shi da kanta. In kuma fayil ɗin da ya fito ne yake cike da irin waɗannan, a duba xsl:output a tabbatar an sa UTF-8.

Wanda yake bukatar aiki shi ne tsohon rubutu na shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da ake amfani da font na musamman da suka ari gurbin wasu alamomi suka zana haruffanmu a kai. In aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da font ɗin sai a ga }asa da ]aya da ta~a. Umarnin translate() yana musanya harafi da harafi, don haka layi ɗaya zai gyara dubban shafuka. Sai dai bai san bambanci tsakanin ] da ke nufin ɗ da ] ta gaske da ke rufe baka ba. A rubutun ilimin furuci, inda ake sa sautuka cikin irin wannan baka, sai an bi da ido.

Daga nan sai batun jerantawa. Idan za a jera watanni, a jera su da lambarsu kafin a fassara. In aka fassara tukuna sannan aka jera, shekara za ta fara da Afrilu da Agusta da Disamba, ta ƙare da Yuni. Sunayen mawallafa da na littattafai kuwa da kalma ake jera su, kuma a nan manhajar da ba a gaya mata harshe ba tana iya bin lambar Unicode kawai. Tunda z 122 ce, to Ɗanjuma da Ƙaura za su koma bayan Zungur. Alamar xsl:sort tana karɓar lang="ha", amma ba kowace manhaja ce take da ƙa'idar jeren Hausa ba, don haka a gwada da sunaye goma kafin a amince mata da dubu.

Abu na ƙarshe da nake roƙon duk wanda zai yi wannan aiki shi ne kada ya yar da lambar bayan ya fassara ta. Sau da yawa lambobi biyu sukan koma kalma ɗaya: 736 Sudan ce, 729 ma Sudan ce, amma iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Daga kalmar ba za a iya komawa ga lambar ba. In sabon fayil ɗin XML ne, a rubuta <ƙasa lamba="736">Sudan</ƙasa>, kalma ga mai karatu, lamba ga wanda zai zo ya sake juya bayanan. Kuma in an zo miƙa kundi, a haɗa jadawalin a rataye na ƙarshe, a rubuta shekarar da aka tsara shi a samansa.